Alhamis a Arbroath

Da hannuna na manna takardar
a gilashin shagon kifin Dougal Petrie,
tsakanin farashin kaya da cigiyar wata kyanwa:
Alhamis, Arbroath, ɗakin baya na mashayar bakin teku.
Asabar, Perth, ƙarƙashin wani kantin kekuna.
Sai wata mai kamawa, nan Dundee,
in mai wurin ya gyara rufinsa.
Fam biyar a ƙofa.
Wanda ba shi da su ya shigo,
amma zai taya ni ɗaukar lasifika.

Sunana kaɗai ke jiki, Elspeth Guthrie.
Ba manaja, ba mota.
Jita ɗaya gare ni mai tabo a ƙugu,
sai maƙwabcina Fergus da gangunansa,
shi ma in matarsa ba ta aikin dare.

Bara mutum goma sha ɗaya suka zo,
da kare.
Karen ne ya fi kowa natsuwa.

To me ya kai ni goge jar riga mai walƙiya
don ɗakin da bai fi kicin ba?
Ku tambayi Lachlan Baird.

Ina da shekara goma sha huɗu na gan shi.
Ya faso daga duhu kamar an harbo shi,
ya wulla makirfo sama, ya juya mana baya,
ya cafe bai ko waiga ba.
Ya haye lasifika, ya tsaya a can ƙiƙam
har muka manta ana numfashi,
sannan ya diro bisa gwiwoyinsa
daidai inda ganga ta faɗi.
Jita a ƙeya yana kaɗawa,
tsirkiya biyu sun tsinke, ko a jikinsa,
gumi na ɗiga daga gemu zuwa takalmi.
Sai a hanyar gida na ƙirga:
ba mu kai talatin ba.
Amma kallon cikakken filin ƙwallo ya yi mana,
mu ma muka yarda mun cika shi.

Masana kiɗa sukan yatsine fuska,
wai burga ce,
wai don kunne ake kiɗa.
Ido fa, shi maraya ne?
Wadda ta baro ɗumin ɗakinta,
ta ratso ruwan Nuwamba,
ta yanko fam biyar daga kuɗin cefane,
ba ta zo ganin wani yana kallon takalminsa ba.

Yanzu Lachlan bas yake tuƙawa.
Gwiwarsa ta hagu ƙarfe ce.
Shekaranjiya na shiga da jita a baya,
ya leƙo ni ta madubi, ya ce,
"Yarinya,"
ni da furfurata ta fara leƙe,
"in za ki diro, cusa soso a wando.
Ni babu wanda ya gaya mini."
Da muka iso tasha ya buɗe ƙofa
da wani irin juyin hannu,
kamar mai yaye labule,
tsofaffi biyu suka sauka ba su lura ba.
Ni na lura.

Daren jiya na gwada a kicin.
Na wulla ludayi sama, na juya baya.
Ƙwan fitila ya tafi,
matar ƙasa ta bubbugo rufi da sandar mofa,
na ce madalla, an fara tafi.
Sau tara ludayi na cin ƙasa.
A na goma ya zauna a tafina,
ba kowa sai firji.

Jirgin ƙarfe biyar zan bi ranar Alhamis.
Soso na jaka, jar riga na leda,
da tsirkiyoyi biyu na ko-ta-kwana.
Na ce a ajiye kujera kusa da ƙofa
inda mutum zai iya miƙe ƙafar hagu.
Bai ce zai zo ba.
Na kuma sayi biskit saboda karen.